Na maƙale wajen fasa lambar Fermat ta 7

Assalamu alaikum, malaman lissafi. Ɗalibi ne ni a nan Jidda, an ba mu aikin nemo lambobin da ke raba lambar Fermat ta 7, wato 2^128 + 1, ba saura. Alƙalumanta 39 ne.

Na rubuta ɗan shiri da Python yana gwada rabawa ɗaya bayan ɗaya. A kan 2^32 + 1, nan take ya ba ni 641 da 6700417, yadda masanin lissafi Euler ya gano a 1732. A kan 2^64 + 1 ma ya fito da 274177. Amma da na sa 2^128 + 1, ko gezau. Na taƙaita gwajin kan lambobi masu siffar 512k + 1, tunda duk mai raba ta haka take, duk a banza. Na koma dabarar rho ta Pollard, wata hanyar nemo masu raba lamba da ta fi gwajin ɗaya bayan ɗaya sauri, na bar kwamfutar ta kwana a kunne, fanka sai kuka take yi, allo fayau.

Abin haushin, masana lissafi Morrison da Brillhart sun fasa ta tun 1970, da injinan wancan zamani!

Don Allah, wace dabara ce za ta fasa ta a kan ƙaramar kwamfuta irin tawa?