In Ɗan Besbol Ya Tuɓe Rigar Kulob, Ina Ya Nufa?

Direban Bronx:
Assalamu alaikum masu alƙalami. Kullum sai na ratsa ta gaban filin Yankees, kulob ɗin besbol na nan Bronx a New York, da tasi, in ga yara sanye da riguna masu lambar mutanen da suka daɗe da barin kulob ɗin. Shi ya jawo wannan. Amsa-amona "wa" ne, mai iyawa ya biyo.

Da sunan Rabbu zan ɗau alƙalami,
Shi ke ɗagawa, Shi ke saukarwa.

Zancen besbol na kawo zaure,
Wasan jifa da kulki da rugawa.

Ɗan wasa in ya tuɓe rigar kulob,
Ina ya nufa bayan rabuwa?

Ku dubi Babe Ruth a garin Boston,
Gwanin jifa ne, gwanin bugawa.

Ƙarshen 1919 aka sai da shi,
Dala 100,000 kuɗin sayarwa.

Ya zo New York ya ci musu kofi 4,
Boston ta koma sai kokawa.

Kofinta ya yi shekara 86 a daji,
Sai 2004 ya yi dawowa.

To Ruth fa, ran da ƙarfi ya ƙare,
Burinsa a ba shi kulob na riƙewa.

Ya jira kira, babu mai kiransa,
Sai Brooklyn, 1938, ɗan aikin koyarwa.

Mai buga ƙwallo 714 bayan katanga,
Ya mutu 1948, burin bai ga cikawa.

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara da kyau, sai dai ka kai tausayinka gidan da ba a fi bukatarsa ba. Ni "ya" zan ɗauka, "wa" ta yi wa tsoho santsi.

Ɗana direba, taka burki,
Ruth da ka ce gwanin kulki,
An sai da shi kamar doki,
Bai kai ƙara ba, ya bi hanya.

A zamanin nan akwai ƙa'ida,
Kulob ya ɗaure ka a takarda,
Ko ka ƙi, ko kuwa ka yarda,
Nasa ne kai, ba wata jayayya.

Curt Flood a St. Louis ya yi bajinta,
Kaka 12 yana musu bauta,
A 1969 suka ce ya fita,
Sun musanya shi zuwa Filadelfiya.

Ya ɗau biro ya rubuta wasiƙa,
Ga shugaban besbol Bowie Kuhn ya miƙa,
Shi ba haja ba ne da za a ɗauka,
A kai shi kasuwa kowa ya taya.

Ya kai ƙara har Kotun Ƙoli,
Alƙalai 5 suka ce babu hali,
3 suka ce yana da dalili,
1972 ya faɗi, faɗuwar da ba kunya.

Kafin hukuncin ya gwada komawa,
Wasa 13 a Washington, sai gazawa,
Ya tsallaka Majorca neman hutawa,
Can tsibirin ƙasar Sifaniya.

1975 mai sulhu ya yanke,
Peter Seitz, igiyar nan ta tsinke,
Yau in ka yi kaka 6 a tsanake,
Kai ke zaɓen inda za ka, ba tambaya.

Flood ya yi noman, rana ta dake shi,
Hatsi ya nuna, ba a kira shi,
1997 ajali ya riske shi,
Masu miliyoyin yau na cin moriya.

'Yar Zazzau:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kai da Yaya kun mai da zauren gidan makoki. Bari in kawo waɗanda suka fita da ƙafarsu, da wanda ya fita yana dariya.

Baba na rusuna, Yaya sannu da titi,
Ba duk mai barin gida ke kuka ba.

Jackie Robinson mai lamba 42,
Na san ba ku manta da shi ba.

1947 ya shiga Brooklyn Dodgers,
Sa'ad da ba a bar baƙar fata shiga ba.

Kaka 10 ya yi, 1956 suka juya shi
Ga Giants, maƙwabtan da ba a shirya ba.

Ashe ya riga ya ɗaure kayansa,
Bai taɓa sa rigar Giants ɗin ba.

Kamfanin gahawa, Chock full o'Nuts,
Mataimakin shugaba, ba ɗan aike ba.

1964 da shi aka kafa banki a Harlem,
Don mutanensa da ba a ba su rance ba.

Jim Bunning mai jifa ya faɗa siyasa,
Sanatan Kentucky fa, ba kansila ba.

Amma gwanina Bobby Bonilla,
Har yau ban ga mai sa'arsa ba.

Kulob ɗin Mets suka sallame shi a 2000,
Da dala miliyan 5.9 ba su biya ba.

Suka ce a jinkirta, za su ɗora a kai,
Shi kuwa bai yi musu gardama ba.

Duk 1 ga Yuli tun daga 2011,
Miliyan 1.19, ba ta taɓa makara ba.

Har 2035 alat zai yi ta shigowa,
Ga wanda tun bayan 2001 bai ɗaga kulki ba.

Direban Bronx:
Ƙanwata, wannan gwanin naki kuɗin ruwa yake ci fa, kashi 8 cikin 100.

'Yar Zazzau:
Yaya, labari na kawo zaure,
Ban ce fatawa zan bayar ba.

Ɗalibin Hiroshima:
Baba, Yaya, Anti, ku ba ƙarami wuri ya tsuguna. A garin da nake karatu ba a rufe hirar besbol ba a ambaci Kuroda na Carp, kulob ɗin garin, ba, har masu sayar da kifi.

Kun yi ta zancen masu tafiya,
Ni nawa zancen mai komowa gida.

Hiroki Kuroda na Carp mai jar hula,
2008 ya ƙetare teku ya bar gida.

Kaka 4 a Dodgers, 3 a Yankees,
Hannu na jifa, zuciya na gida.

Kwantaragi ya ƙare, Amurka ta taya,
Tayin ya ninka abin da ke gida.

Yana dab da 40 ya ce ya gode,
2015 ya mai da lamba 15 a gida.

Shekara 25 Carp ba ta ci rukuninta ba,
2016 ya taya su kawo shi gida.

Sannan ya jingine safar hannu,
Lambar ma an jingine ta, ba mai sawa a gida.

Ichiro ya bar Seattle a 2012,
New York, Miami, 2018 ya juyo gida.

Wasan ƙarshe a Tokyo, Maris 2019,
Rigar Seattle a jiki, ƙafa a ƙasar gida.

Yanzu yakan zaga makarantun sakandare,
Yana gyara wa yara riƙon kulki a gida.

Direban Bronx:
Ƙanena, "gida" sau goma ai amshi ne, ba amsa-amo ba. Na yafe maka don Kuroda ya taɓa ni, a nan Bronx na san shi. Amma ka saurara.

Gida da daɗi, ƙanena, na yarda,
Sai dai ciki ba ya jiran komawa.

Eric Thames ya rasa gurbi a Amurka,
2014 Koriya ya yi tsallakawa.

A NC Dinos ya zama sarki,
2015: bugu 47 bayan katanga, satar tasha 40 da rugawa.

Milwaukee ta aiko da dala miliyan 16,
Wanda aka raina shi ake nemowa.

Shohei Ohtani, kaka 6 a Angels,
Ƙofar wasannin kofi bai ga buɗewa.

Disamban 2023 ya gangara Dodgers,
Miliyan 700, shekara 10, sai rattabawa.

2024 ga kofi a hannunsa,
Wa zai ce ya yi laifin tasowa?

Ni ma Kumasi na baro da jaka ɗaya,
Ba don na ƙi zango na yi fitowa.

Baba Mai Rediyo:
Allah ya mai da kai lafiya, ɗana. Amma har yanzu a saman bishiya kuke tsinka. Ku duba ƙasa.

Kun lissafo masu suna,
Masu gidaje da gona,
Ni ga waɗanda ke a raina,
Yaran ƙananan rukuni masu shan wuya.

Daga Dominika, daga Benezuwela,
Yana 16 aka ba shi riga da hula,
Doguwar bas, ɗakin haya, wahala,
Rana ɗaya koci ya ce: ga hanya.

Kwana 43 a babban rukuni,
Shi ke buɗe fansho, ku ji ni,
Da yawa ba su kai ba ko da wuni,
Wasu na tuƙi, wasu na dakon kaya.

Wasu kuwa filin ne ya riƙe su,
Rickey Henderson na cikinsu,
Satar tasha 1,406, ya fi dukkansu,
Yana 44 ya je Newark, ba girman kai, ba kunya.

Julio Franco ya fi shi naci,
Har 49 yana bugu a kan lokaci,
Ya je Japan yana wasa yana koci,
A 2015, furfura ta cika ƙeya.

'Yar Zazzau:
Baba, afuwa, zan yi rashin kunya.

Baba ashe kai ma Franco ne,
Rediyon nan ba ka jingine ba.

Mu mun koma waya tun tuni,
Kai ba ka bar gyaran eriya ba.

Baba Mai Rediyo:
'Yata, kin yi gaskiya, batir ma ya yi sanyi tun jiya. Ki ce wa Yayanki in zai aiko da tsaraba ya haɗa da shi, manya, guda huɗu.

Direban Bronx:
An gama, Baba. Ga fasinja ya tsai da ni, filin jirgi za shi. Ɗalibi, kafin in dawo ka samo wata kalmar ban da "gida".