Water vole: ɓeran ruwa ne ko me za mu kira shi?

Jama'a, ku taimaka mini. Ina fassara wani bayani a kan gine-gine a bakin koguna a Ingila, sai na ci karo da wata 'yar dabba da Turawa ke kira "water vole". Abin da ya fara zo mini shi ne "ɓeran ruwa". Na rubuta, na goge, don raina bai kwanta da shi ba.

Bahaushe in ya ji ɓera, tarko da guba ne ke faɗo masa a rai. Wannan dabbar kuwa doka ce ke tsaron ta. A ƙarƙashin dokar namun daji ta 1981, wadda aka ƙara wa ƙarfi a 2008, laifi ne a Ingila ka kashe ta ko ka rushe raminta da gangan. Mai ginin da aikinsa zai taɓa gaɓar da take zaune sai ya sa masana sun duba wurin, kuma sai da lasisin hukumar kula da muhalli da namun daji ta Natural England. In wurin bai wuce mita 50 ba, akan aske ciyawar har ƙasa, galibi tsakanin 15 ga Fabrairu da 15 ga Afrilu kafin haihuwa ta kankama, don ta tashi da kanta. In ya fi haka, a kama su da rai a kai wata gaɓar da aka shirya musu. To, in na rubuta "ana yi wa ɓeraye wannan hidima", wa zai karanta bai yi tsaki ba?

Ga shi kuma ta cancanci hidimar. Kusan kashi 90 cikin 100 sun ƙare a Birtaniya, saboda lalacewar gaɓoɓi da wata dabba, mink, da aka kawo daga Amurka ana kiwo don gashinta, ta kuɓuce ta bazu. Macen mink siririya ce, har cikin rami take bin ta.

Ku dubi siffar water vole ɗin: fuska a dunƙule, kunnuwa sun nutse cikin gashi, wutsiya gajera mai gashi, nauyi wajen giram 300 in ta ƙoshi. Ciyawa take ci. Takan datse kara a karkace, ta tara guntayen wuri guda, in ta ji motsi ta faɗa ruwa tsundum.

Na ga amsoshinku, na gode. "Kusun ruwa" da ɗan'uwanmu na Sakkwato ya kawo, ai ɓeran ne dai. "Jabar ruwa" ba za ta yiwu ba: jaba dogon baki gare ta, ƙwari take ci, kuma Ingila na da jabar ruwa ta ainihi. Gafiya kuwa sata aka san ta da ita.

Wani dattijo ne ya ce mini, "Malam, ai gyazbi kake siffanta mana." Kuma wallahi haka ne. Fuskar, kunnuwan, zaman fadama, har datsar kara, duk nasa ne. Na san gyazbi ya ninka ta sau goma ko fiye, ba kuma danginta na kusa ba ne. Amma dokin ruwa ma ba doki ba ne, mun kuma gane dorina ake nufi.

Don haka na ɗauki gyazbi, na kuma zaɓi "gaɓa" a kan "ruwa", domin nan raminta yake, nan ne kuma katafila ke fara ci. Ga yadda na sa jimlar: "Ba a fara tono ba sai da aka tabbatar babu gyazbin gaɓa a wurin." Mutanen Damagaram da Katsina, ya ta zauna a kunnenku?