Na ci karo da kada a ruwan gishiri, in ci gaba da fita ko in haƙura?

Mai tambaya, daga Charleston, jihar Carolina ta Kudu a Amurka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Bara na sayi kayak, ɗan kwale-kwalen roban nan mai cin mutum ɗaya, nake ɗan fita da shi ran Asabar cikin fadamun bakin teku da ke kewaye da garin nan. Abokin aikina da ya koya mini tuƙi ya tabbatar mini cewa kada ba ya shiga ruwan gishiri, sai tafki da kogi. To Asabar ɗin da ta wuce, bayan an kwana biyu ana sheƙa ruwan sama, na kutsa wata 'yar ƙorama. Ina shan kwana sai ga shi kwance a kan taɓo, baki a ɗan buɗe, tsakanina da shi bai fi taku goma ba. Kafin in ce kwabo ya sulalo cikin ruwa, ta wajena kuma, ya nutse. Na ji kayak ɗin ya ɗan yi rawa. Wallahi filafilin ma da ƙyar na riƙe shi. Ban sake ganinsa ba har na fito. Shin farautata ya zo yi? Ga shi na yi wa ɗana mai shekara 9 alkawarin fita da shi a hutun nan, uwarsa ta ce sai dai in bayan ranta.

Wani ɗan'uwa daga Baton Rouge, Louisiana:
Wa'alaikumussalam. Allah ya ƙara tsarewa. Abokinka rabin zancen ya sani. Kadan da ke nan, wanda suke kira aligeto, jikinsa ba ya iya fitar da gishiri kamar yadda kada na ainihi ke yi ta wasu ƙwayoyi da ke kan harshensa. Shi ya sa ba ya zama a teku dindindin. Amma shiga kam yana shiga, ya yi sa'o'i ko 'yan kwanaki yana cin ƙaguwa da kifi, in gishiri ya ishe shi ya koma ruwan daɗi. Kai kuma ka fita ne bayan ruwan sama, lokacin da gishirin ƙoramun ya tsinke. Sannan yankinku cike yake da tsofaffin gonakin shinkafa da aka datse ruwa a cikinsu, musamman ta kudu wajen kogunan Ashepoo da Combahee da Edisto, nan ne gidansu.

Batun sulalowar da ya yi, gudu ya yi, ba hari ba. Kai ka firgita shi. In yana kan tudu ya ji tsoro, mafakarsa ita ce ruwa mai zurfi, a ƙorama kuwa zurfin yana tsakiya, daidai inda kake. Mu nan jihar tamu an ƙiyasta akwai sama da miliyan 2 a daji, da haka suke kai hari da babu mai su ko ɗaya da ya rage.

Hajiya, daga Tampa, Florida:
Ƙanena, ni dai ina bayan matarka, amma ba duka ba. Wanda ya gan ka ya nutse ba shi ne abin tsoro ba. Ka ji tsoron wanda ya gan ka ya nufo ka a hankali, kansa a saman ruwa, ko a jikinsa. Wannan an saba jefa masa abinci ne, ya riga ya haɗa mutum da ci. Dalilin ke nan doka ta hana ba su abinci, a nan Florida da can jiharku ma. Irinsu an fi samun su wajen da ake sauke jirage da inda masu kamun kifi ke fiɗa suna watsa kayan ciki a ruwa. In ka ga mai irin wannan hali ka kira hukumar kula da namun daji ta jiha.

In har za ka tafi da yaron, ku hayi mai cin mutum biyu, yana gaba kana baya, da rigar ceto a jikinsa. Kada ya riƙa jan hannu ko ƙafa cikin ruwa, ka san yara. Ban da fita da asuba ko dab da magariba, lokacin cinsu ke nan. Kuma in ka kama kifi, don Allah kada ka ɗaure shi da igiya yana reto a gefen jirgi.

Wani matashi daga Kumasi:
Yaya, ka zo garin Paga da ke arewacin Ghana ka yi kwas. Can kaza ake saya a ba kada, a riƙe masa wutsiya a ɗauki hoto.

Hajiya:
Kai yaro, rufa mana asiri. Kazar nan taka ita ce dai abin da na gama cewa an hana.

Malam, daga Savannah, Georgia:
Shekarata ta shida ina shiga fadamun nan, kuma abin da ya taɓa wahalar da ni ba kada ba ne, janyewar ruwa ce. A gaɓarmu bambancin cikar teku da janyewarsa yakan haura mita 2, sau biyu a yini. Wata rana na shagala cikin ƙorama, ruwa ya tafi ya bar ni. Na sa ƙafa ɗaya waje don in ja jirgi, taɓo ya haɗiye ni har cinya, ɓawon kawa ya tsaga mini ƙwauri kamar reza, takalmina ɗaya yana can har yau. Sa'a uku na zauna sauro na shagali. Ka lura, ruwa na janyewa ƙorama ke matsewa, kai da kada ku rasa inda za ku kauce wa juna. Saboda haka ka duba jadawalin ruwa kafin ka bar gida, ka shiga yana cikowa.

Wajen shan kwana ka riƙa ɗan ƙwanƙwasa filafili a jikin jirgi, ya ji ka tun daga nesa ya kama gabansa. In ka hango shi ka bar aƙalla mita 10, kada ka shiga tsakaninsa da zurfi. In ya yi huci kamar taya na sacewa, ka matsa da yawa, ka ja da baya a nutse. In kuma ya nutse ƙarƙashinka, ka ci gaba da tuƙinka, hannuwa a ciki. Zabura ce ke kifar da kayak.

Sai lokaci. Mayu da Yuni suke barbara, mazan na yawo suna ruri. Yuni zuwa Yuli macen ke tara ciyawa da taɓo ta yi sheƙa kamar tsibin shara, ƙwai su ƙyanƙyashe wajen Agusta zuwa Satumba. In ka ga 'yan ƙanana masu ratsin rawaya suna wani ɗan kuka, kada ka tsaya ɗaukar hoto, uwar na kusa. Hutun da kake magana ya faɗo tsakiyar wannan lokacin. Da ni ne, in bari sai Nuwamba. Sanyi na sauka ƙasa da digiri 21 a ma'aunin Celsius suke daina cin abinci, a wajen digiri 13 kuwa ko motsi ba sa so.

Wani dattijo daga Yauri:
Ɗana, mu da muka tashi a bakin Neja ba ma wasa da kada, kowane iri ne. Su masunta dole ce ta kai su ruwa. Kai mene ne naka? Ka ji maganar uwar ɗanka.

Ɗan'uwa daga Baton Rouge:
Baba, gaskiyarka, naku na gida ya fi wannan zafin rai nesa ba kusa ba. Amma shi ma wannan babban namiji yakan haura mita 3 da rabi, ba abin rainawa ba ne. Mai tambaya, in ka ƙara ganin wani, dubi tazarar da ke tsakanin hancinsa da idonsa: kowane inci ɗaya kusan ƙafa ɗaya ce a tsawonsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na ji, Allah ya ƙara girma. Malam, ashe ruwa na janyewa na shiga ranar, ko jadawalin ban taɓa dubawa ba. Na nuna wa uwargida maganar Hajiya, ta ce Nuwamba ɗin ma sai an je da mai jagora, kuma ita za ta tsaya a gaɓa. Yaron dai ya yi fushi, ya ce shi kadan ma yake son gani. Batun awon inci kuwa, ɗan'uwa, ranar ko sunana aka tambaye ni ba zan iya faɗa ba.