Neman shawara kan mandolin: in danna firet na 7 ko in bar tsirkiya a sake?

Mai tambaya: Salam jama'ar gida, dan Allah masu kaɗa mandolin (ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya, dangin jita) ku taimaka min. Wata huɗu kenan da na sayi nawa na hannu, ina koyo a YouTube, to abin da ya ɗaure min kai shi ne sautin A, in na danna tsirkiyar D a firet na 7 (firet su ne ƙarafan da aka jera a wuyansa) A ne yake fita, in na kaɗa tsirkiyar A a sake ma A ne. Wani malamin ya ce a danna, wani ya ce a bar ta a sake. Ni dai ƙaramin yatsana in ya kai 7 ɗin nan sai sauti ya riƙa zizzz, ga zafi, wayoyi biyu ne fa nake dannewa lokaci guda. Shin dole ne sai na koya ko in haƙura?

Wani ɗan gida: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba laifin kayanka ba ne, haka saitinsa yake, G D A E irin na violin, wato gogen Turawa, shi ya sa 7 na kowace tsirkiya yake daidai da ta gaba da ita a sake. Sunan sautin ɗaya amma kunne ya san bambanci. Ta sake tana da kaifi kuma tana ci gaba da amo ko ka wuce ta, wadda ka danne ta fi taushi kuma da ka sassauta yatsa ta yi shiru. Gwada E a sake a waƙa mai sanyi ka ji yadda take sukar kunne.

Wata 'yar gida: Ni gaskiya kiɗan ƙasar Ailan nake koyo, yawancinsa a D da G ne, can kuwa ta sake ita ce daɗin abin. Ka bar D tana gunji a ƙasa kana yawo da yatsu a kan A, kamar mutum biyu ke kiɗa. Kar kowa ya sa ka ji kamar ragwanta ce.

Tsohon hannu: Ƙanena ka koya, ba maganar haƙura. Ranar da mawaƙi zai ce maka muryarsa ta fi zama a B, duk abin da ka haddace da tsirkiya a sake ya rushe, amma in yatsu huɗu ne suka riƙe komai sai ka ja hannu gaba firet biyu daga A kawai ka ci gaba. Ka saurari marigayi Bill Monroe, makaɗin mandolin na Kentucky a Amurka, wannan tsak tsak ɗin da yake yi kamar bugun ganga, danne duka yake yi ya kaɗa ya saki nan take, da akwai ta sake a ciki da ba za ta mutu da wuri haka ba. Sannan wurin gudu, in sauti ɗaya tak kake buƙata a tsirkiyar gaba sai ka dawo, gara ka ɗauke shi a 7 da ka tsallaka da hannun dama ka dawo, nan ne sababbi suke tuntuɓe.

Maganar zizzz kuma, sa kan yatsan dab da bayan ƙarfen, ba tsakiyar fili ba. Kuma duba jakin, wato ɗan katakon da wayoyin suke hawa kai a jikin mandolin ɗin, na hannu sau da yawa an ɗaga shi ya yi tsayi, in mai 'yan ƙafafun murzawa ne sassauta wayoyin ka sauke shi kaɗan. Nawa na farko haka na yi wata shida ina zargin yatsana ashe jaki ne.

Mai tambaya: Yaya na gode ƙwarai. Yanzu na duba, a firet na 12 tsabar kuɗi biyu suna shigewa ƙarƙashin waya.

Tsohon hannu: To ai ka gani, ya yi yawa. Sauke shi, ka sake saiti, sannan kullum minti 10 ka kaɗa A a sake sau huɗu, A a 7 sau huɗu, a hankali, har kanta ta fito. Bayan sati biyu ka dawo ka gaya mana.