Muhawara a kan masu hidimar Hifaistus

Ɗan Maƙera: Jiya a wurin ɗaurin aure wani ya ce mini ƙira sana'ar marasa gata ce, kuma maganar ta tsaya mini a rai. Girkawan da can har abin bauta suka ware wa maƙera, wato Hifaistus, gurgun da tatsuniyarsu ta ce an wurgo shi daga dutsen Olimfus ya faɗo tsibirin Lemnos. Haikalinsa, wanda aka fara ginawa wajen shekara ta 449 kafin haihuwar Annabi Isa, yana nan tsaye a Atina, a kan tudun da maƙera suka kewaye da rumfunansu, kuma a wancan zamanin yana da limamansa.

Malam Habu: Ƙanena, ka janye kalmar "limamai". Limami shi ne mai jan salla, wanda ke yanka wa gunki sa bai cancanci wannan suna ba. Ka ce bokaye.

Hajiya Lami: Allah ya gafarta Malam, boka duba yake yi da ba da magani. Dares na birnin Taroy, wanda Homa, mawaƙin Girkawan da, ya ambata a matsayin mai hidimar Hifaistus, attajiri ne mai mutunci da 'ya'ya biyu mayaƙa, kuma da jarumin Girkawa Diyomidis ya kashe ɗaya, Hifaistus ya lulluɓe ɗayan da duhu ya tserar da shi don kada baƙin ciki ya gama da tsohon. Ban da haka, kullum muna jin "limamin coci" a rediyo ba wanda ya ɗaga murya.

Malam Habu: Hajiya, bakin 'yan rediyo ba hujja ba ne, su ne ma suka ɓata mana Hausa.

Garba: Malam, ni ma'aikacin rediyo ne, kuma ban yarda da wannan ƙazafi ba. "Sarkin tsafi" ya fi dacewa, tunda a Lemnos akan kashe kowace wuta kwana 9 a shekara har sai an kawo sabuwa daga tsibirin Delos.

Malam Habu: Kowa ya san Hajiya da Garba ba su taɓa saɓa wa juna a wannan zaure ba.

Ɗan Maƙera: Jama'a, ni fa raina maƙera na kawo ƙara.

Shugaban zaure: A taƙaice, malaminmu Malam Habu ya kafa hujja cewa "limami" bai dace ba, sauran kuma sun kawo tatsuniyoyi. An rufe muhawara.