Lilon nan mai gudu a kan dogo, mai hawan jini zai iya hawa?

Abu Sadik: Assalamu alaikum jama'a. Wata mai zuwa in Allah ya yarda zan je Dubai sarin kaya, wannan karon da yarana biyu. Babban ya ga bidiyon wani wurin wasanni mai suna Ferrari World a waya, tun daga ranar ya hana ni sakat, wai sai mun hau lilonsu mai gudu a kan dogo, Formula Rossa, tare. Ni kuwa ko lilon yara na ranar Sallah juwa yake sa ni, ga maganin hawan jini ina sha. Wanda ya taɓa hawa don Allah ya faɗa min gaskiya: in hau ko in riƙe musu jaka?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Alhaji. Riƙe jaka kawai. Wurin ma ba a Dubai yake ba, yana tsibirin Yas a Abu Dhabi, tafiyar awa guda da ɗoriya a mota. Na hau shi. Yawancin irinsa sarƙa ce ke jan ku sama a hankali, kana jin ƙaƙas-ƙaƙas, ka samu damar yin salati kafin a sako ku. Wannan harbo ku ake yi daga tsaye, cikin ƙasa da daƙiƙa 5 kun kai gudun kilomita 240 a awa. Tabarau ake ba kowa saboda yashi da ƙwari. Kumatuna sai da suka koma wajen kunnuwa, wallahi ko ihun ban samu bakin yi ba.

Maman Ilham: Yaya, wannan ba maganar jarumta ba ce. A bakin layi akwai allon gargaɗi: mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai ciwon baya ko wuya, da mai juna biyu kada su hau. Bugun zuciya tashi yake sosai. Ka fara ganin likitanka tukuna. Sannan ana auna tsayin yaro, ƙaramin zai iya kasa kaiwa, ka shirya masa zuciya tun daga gida kada a yi kuka a can.

Injiniya Bash: In tsoron faɗowa ne, ka kwantar da hankali game da yaran. Tayoyin sun kama dogon ta sama da gefe da ƙasa, ƙarfen da ke danne mutum kuma ba ya buɗuwa sai an tsaya. Hula da waya su ne ke tashi, a bar su a loka.

Abu Sadik: Na gode ƙwarai. Jaka da hulata za mu zauna a ƙasa. Malam Ɗan Kwari, a bar yaron ya ci abinci kafin ya hau?

Ɗan Kwari: Kul! Sai ya sauko.