Dillalin aure ya cinye kuɗin ƙanwata, ta yaya za a rufe asusunsa?

Assalamu alaikum. Lauyoyi da ma'aikatan banki, ku taimaka.

Wani dillalin aure a Wuse, Abuja, ya haɗa ƙanwata da wani mutum, wai mazaunin Turkiyya ne. Sau uku dillalin yana karɓar kuɗi: naira 150,000 na rajista, 400,000 na biza, 650,000 na tikitin jirgi, duk ta banki, cikin asusu biyu masu sunaye daban. Angon bai taɓa yarda da kiran bidiyo ba, sai murya a WhatsApp. Da muka bincika, bizar jabu ce. Yanzu kwaɗo ne a ƙofar ofishin dillalin, layukansa a kashe, fasfonta kuma yana hannunsa. Sarƙar gwal ɗinta ta sayar ta biya, ga shi an riga an sanar da dangi. Ko ƙofar gida ba ta leƙawa.

Mun rubuta wa bankinta koke da rasit uku, suka ce ba sa taɓa asusun wani sai da umarnin kotu. Mun kai ƙara caji ofis, mako uku ke nan shiru.

Wace hanya ce ta fi sauri wajen samo umarnin kotun kafin ya kwashe kuɗin: lauya ko EFCC?